Daga Shekara 1 Zuwa 15: Yadda Ake Ɗage Zaman Sakin Talala a Kalifoniya

Idan alƙali a jihar Kalifoniya ta Amurka ya yanke wa mutum hukuncin "shekara 15 zuwa rai-da-rai", wannan 15 ɗin ba ranar fita ba ce. Ma'auni ne kawai na lokacin da fursuna zai fara samun damar zama gaban hukumar sakin talala, ta dube shi ta ga ko ya daina zama haɗari ga jama'a. In ta gamsu, sai a sake shi bisa sharuɗɗa, da jami'in da zai riƙa sa masa ido. In ya karya sharaɗi, a mayar da shi. Talala ke nan: dabba tana kiwo, amma igiya na ƙafarta. Kada a haɗa wannan da afuwar da gwamna ko shugaban ƙasa ke yi. Afuwa kyauta ce daga mai mulki, sakin talala kuwa mataki ne a cikin hukuncin kansa.

Yawanci hankalin mutane yana kan amsar hukumar, "an sake shi" ko "an hana shi". Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Mafi yawan masu ɗaurin rai-da-rai ba a sakinsu a zaman farko. Don haka tambayar da ke yanke tsawon zaman mutum a kurkuku ita ce ta biyu: yaushe zai sake dawowa gaban hukumar? A kan wannan tambaya Kalifoniya ta shafe sama da shekara 30 tana sauya doka, ana kai ta kotu.

Yadda zaman yake

Hukumar tana tura mutum biyu ko uku, yawanci kwamishina ɗaya da mataimakin kwamishina. Gwamna ne ke naɗa kwamishinoni, majalisar dattawan jihar ta tabbatar da su. Fursuna yana da lauya, in ba shi da hali gwamnati ta ba shi. Doka ta ba shi damar duba fayil ɗinsa aƙalla kwana 10 kafin zama. Akwai rahoton likitan halayyar ɗan Adam, wanda ke auna haɗarin komawarsa ga ta'asa a mataki uku: ƙasa, tsakiya, ko sama. Mai gabatar da ƙara na gundumar da aka yi laifin yana iya halarta. Wanda aka cuta, ko danginsa in ya mutu, su ma suna da damar zuwa su yi magana, kuma tilas a sanar da su kwana 90 kafin ranar in sun nemi a riƙa sanar da su. Ko an amince da saki, hukuncin ba ya tabbata nan take: hukumar tana da kwana 120 na bita, sannan a shari'ar kisan kai gwamna yana da kwana 30 da zai iya soke shi, ikon da masu zaɓe suka ba shi a 1988.

A lura da yawan mutanen da zama ɗaya ke tarawa, da nisan wasu gidajen yarin. Na Pelican Bay yana can kusa da iyakar jihar Oregon. Kafin 2020, lokacin da annobar korona ta mayar da yawancin zaman ta bidiyo, iyalin mamaci kan yi tafiyar yini guda, su kama ɗaki, da safe a ce musu an ɗage. Da dama daga cikin ƙa'idojin da za a ambata a ƙasa daga wannan wahala suka samo asali.

Shari'ar Morales

Dokar jihar ta 1977 ta ce wanda aka hana saki, a sake sauraronsa kowace shekara. A 1981 majalisa ta yi gyara: wanda aka samu da laifin kisa fiye da sau ɗaya, hukumar na iya ɗage zamansa har shekara 3, muddin ta ga babu alamar za a sake shi a tsakani, kuma ta rubuta dalilanta.

Mutumin da ya gwada wannan gyara a kotu shi ne Jose Ramon Morales, kuma da wuya a sami wanda labarinsa ya fi nasa muni. A 1971 an ɗaure shi rai-da-rai saboda kashe budurwarsa. Yana gidan yarin Soledad ya saba da wata dattijuwa mai shekara 75 da ke ziyartar fursunoni. Bayan an mayar da shi gidan share fagen komawa cikin jama'a a watan Afrilu na 1980, suka yi aure. A watan Yuli 'yan sanda suka tsinci hannun mutum a kan wata babbar hanya a Los Anjalas, zanen yatsu ya nuna nata ne. Ba a taɓa ganin gawarta ba. Morales bai musanta tuhumar ba, aka yanke masa shekara 15 zuwa rai-da-rai. A ranar 25 ga Yuli, 1989 hukumar ta zauna da shi, ta hana shi, ta ce sai 1992.

Hujjarsa mai ƙarfi ce a ido. Ya yi laifin a 1980, lokacin da doka ta ce zama duk shekara. Gyaran 1981 ya zo daga baya. Tsarin mulkin Amurka kuwa ya haramta dokar da ke komawa baya ta tsananta hukuncin laifin da aka riga aka aikata. (Irin wannan kariya tana cikin sashe na 36(8) na tsarin mulkin Najeriya na 1999, don haka mai karatu ba baƙo ba ne a wurinta.) Kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya. Amma a Afrilun 1995 Kotun Ƙoli ta Amurka ta juya hukuncin da rinjayen alƙalai 7 a kan 2, Mai shari'a Clarence Thomas ne ya rubuta. Ta ce gyaran bai taɓa tsawon hukuncin ba, bai sauya ma'aunin cancantar saki ba, bai kuma motsa ranar zaman farko ba. Abin da ya rage shi ne zaman da kowa ya san ba zai haifar da komai ba. Kotun ta kawo alƙaluman da ke gabanta: kusan kashi 90 cikin 100 ana hana su a zaman farko, kashi 85 a zama na biyu da na bayansa. Ma'aunin da ta kafa shi ne, sai an nuna cewa sauyin yana da isasshen haɗarin tsawaita zaman mutum a kurkuku, ba hasashe kawai ba. Masu shari'a Stevens da Souter suka ƙi, suna ganin rage damar neman saki tsananta hukunci ne ko ta wace fuska aka duba.

A shekarar 2000 batun ya sake dawowa daga jihar Jojiya, inda hukumar can ta mayar da tazarar daga shekara 3 zuwa 8. A shari'ar Garner da Jones, Kotun Ƙoli ta ƙara wani abu mai amfani: ko da rubutun ƙa'ida bai nuna illa ba, fursuna na iya kawo shaidar yadda ake aiki da ita a zahiri. Ta kuma ba da nauyi ga cewa hukumar Jojiya na iya matso da zama in wani sabon abu ya taso. A riƙe wannan, domin a kansa duk abin da ya biyo baya ya rataya.

Dokar Marsy ta juya tsanin

Zuwa tsakiyar shekarun 1990, tsarin Kalifoniya ya tsaya haka: asali shekara 1, ana iya kai wa 2, mai laifin kisa kuma har 5. Nauyin kawo dalili yana kan hukumar. Ita za ta bayyana abin da ya sa ba za ta ga mutum baɗi ba.

A ranar 4 ga Nuwamba, 2008 masu zaɓe suka amince da Ƙuduri na 9, wanda aka fi sani da Dokar Marsy, da kusan kashi 54 cikin 100. Sunan na Marsy Nicholas ne, ɗalibar jami'a da tsohon saurayinta ya kashe a 1983. Ɗan'uwanta Henry Nicholas, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Broadcom, shi ya zuba kuɗin yaƙin neman ƙuri'ar. Kukan iyalan mamata a fili yake, kuma ba na wasa ba ne: duk shekara ɗaya ko biyu a kira uwa ta zo ta zauna ɗaki ɗaya da wanda ya kashe mata 'ya, ta sake ba da labarin tun daga farko. Fama miki ne ba ƙaƙƙautawa.

Gyaran da aka yi wa sashe na 3041.5 na kundin laifuffukan jihar ya kifar da tsanin ne gaba ɗaya. Yanzu daga sama ake farawa. Wanda aka hana saki, asalin tazararsa shekara 15 ce. Ba za a sauko zuwa 10 ba sai hukumar ta sami hujja bayyananniya mai gamsarwa cewa tsaron jama'a da na wanda aka cuta bai buƙaci fiye da haka ba. Daga 10 kuma, da irin wannan hujjar, a sauko zuwa 7, 5 ko 3. Babu 1, babu 2, babu 4. Mafi ƙarancin ya tashi daga 1 zuwa 3, mafi yawan daga 5 zuwa 15. Abin da ya fi lambobin muhimmanci shi ne inda nauyin ya koma. A da sai an kawo dalilin nisanta mutum, yanzu sai an kawo dalilin kusanto shi.

Illar ta fi faɗa wa wanda ya kusa, ba wanda ya yi nisa ba. Mutumin da bai ko fara gyaruwa ba, dama ko a tsohon tsari shekara 5 zai samu. Amma a ɗauki wanda kwamishinoni suka ga saura ƙiris, misali ya gama komai sai dai shirinsa na inda zai sauka bai kammala ba, babu takardar gidan da zai karɓe shi. A tsohon tsari sai a ce masa "je ka gyara, mu haɗu baɗi". A sabon tsari bakinsu a ɗaure yake, ƙasa da shekara 3 ba ta cikin abin da za su iya furtawa.

Masu rubuta dokar sun bar ƙaramar ƙofa. Hukumar na iya matso da zama da kanta. Fursuna ma na iya rubuta takardar neman a matso, yana nuna sauyin hali ko sabon bayani da ke sa a yi tsammanin ba a buƙatar sauran shekarun. In an ƙi, sai ya jira shekara 3 kafin ya sake nema. Hukumar na iya yin watsi da takardar ba tare da zama ba, kotu kuma ba ta sa baki sai an nuna ƙarara cewa an yi wasa da iko.

Wannan ƙofa ce ta ceci dokar har sau uku. A shari'ar Gilman, wadda masu ɗaurin rai-da-rai suka shigar a madadin junansu, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta 9 ta soke umarnin wucin gadi da aka bayar na dakatar da dokar. A Maris na 2013 Kotun Ƙolin Kalifoniya, a shari'ar Vicks, ta ce dokar ba ta saɓa haramcin komawa baya ba, ta kuma fayyace cewa takardar farko ana iya miƙa ta kowane lokaci bayan an hana mutum, ba sai ya jira shekara 3 ba. A Fabrairun 2014, bayan sauraron shaidu, alƙalin tarayya Lawrence Karlton ya kama hanyar da shari'ar Garner ta buɗe, ya duba aikin a zahiri, ya yanke cewa ƙofar ba ta wadatar ba, dokar tana tsawaita zaman mutane. A Fabrairun 2016 kotun shiyya ta 9 ta sake juya hukuncin. Ta ce ba a iya tabbatar da cewa da an zauna da wane a baɗi da an sake shi, tunda saki shawara ce ta kwamishinoni. A gaskiya wannan ma'auni yana da wuyar cikawa, domin ana neman fursuna ya kawo shaidar sakamakon zaman da ba a taɓa yi ba.

Ɗagewa iri huɗu, kuma ba ɗaya ba ne

Duk abin da ya gabata a kan tazarar bayan hani ne. Akwai kuma ɗagewar da ke faruwa kafin a kai ga hukunci, wadda sashe na 2253 na ƙa'idojin hukumar ya tsara. A nan ne lauyoyi ke cin kasuwa ko su yi asara, domin tun da mafi ƙarancin hani ya zama shekara 3, shiga zama ba shiri caca ce mai tsada.

Na farko shi ne janyewa da son rai. Fursuna ya ce ba ya son a zauna yanzu, a bar shi shekara 1, 2, 3, 4 ko 5. Ba a ƙirga ta a matsayin hani, ba a rubuta cewa bai cancanta ba. Sharaɗinta lokaci ne: takardar ta isa hukumar aƙalla kwana 45 kafin ranar zama. Wadda ta zo a kan lokaci, ana ɗaukarta ingantacciya. Wadda ta makara, ana ɗaukarta marar inganci, sai in ya nuna dalili mai ƙarfi da bai sani ba kuma ba yadda za a yi ya sani tun da wuri. Ba a yarda a janye fiye da sau uku a jere ba.

Na biyu shi ne amincewa da rashin cancanta. Fursuna ya yarda da bakinsa cewa bai kai a sake shi ba, ya nemi a sa masa shekara 3, 5, 7, 10 ko 15. Wannan hani ne cikakke, yana shiga tarihinsa, kuma iyalan wanda aka cuta suna da damar a ji ta bakinsu. Mutane kan rikita shi da janyewa saboda a duka biyun ba a yi dogon zama ba. Bambancin kuwa, mafi ƙarancin janyewa shekara 1 ne, na amincewa kuma shekara 3, da tabo a fayil.

Na uku shi ne ɗagewa ta ainihi, kafin a buɗe zama. Hukumar na yin ta in kwamishina bai samu ba, ko ba a aika sanarwa a kan lokaci ba, ko wani rahoto bai iso ba, ko ba a tanadi abin da mai naƙasa ko mai buƙatar tafinta zai yi amfani da shi ba, ko rashin lafiya, ko gobarar daji, ko an kulle gidan yarin saboda tarzoma. Fursuna ma na iya nema don ya warware wani abu da ya shafi shari'arsa, da sharaɗin dalili mai ƙarfi da bai iya hangowa ba. Wannan ɗagewa ta ɗan lokaci ce, gwargwadon abin da gyaran ke buƙata.

Na huɗu shi ne dakatarwa bayan an riga an fara. Ana tsaka da tambayoyi wani abu ya ɓullo da ba wanda ya san da shi, misali wata takarda a fayil da ke buƙatar bincike. Shugaban zaman zai auna dalilin da wahalar da waɗanda suka zo za su sha. In an dawo, ana ƙoƙarin haɗa kwamishinonin farko, in bai yiwu ba a fara daga tushe.

Ga yadda abin ke kasancewa a aikace. Saura wata uku zama, aka kama waya a ɗakin fursuna, aka rubuta masa takardar laifin karya dokar gida, aka same shi da laifi. Kusan tabbas ne za a hana shi, domin tun shari'ar Lawrence da Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke a 2008 abin da ake aunawa shi ne haɗarinsa a yau, sabon laifi kuwa shi ne shaidar yau. In lauyansa ya gan shi da wuri, sai su janye na shekara 1 ko 2, ya tara lokaci mai tsabta, ya shiga azuzuwan gyaran hali, ya dawo. In lauyan bai zo ba sai saura kwana 30, ƙofar janyewa ta rufe, tunda laifin ba sabon labari ba ne a wurin fursunan. Ya zama gaba kura baya sayaki: ko ya amince da shekara 3, ko ya shiga zama ya yi kasadar 5 ko 7. Da a ce wayar saura kwana 20 aka kama ta, da yana da hujjar makara. Da kuma ba a gama shari'ar laifin ba, ko an tura shi ga mai gabatar da ƙara ana jiran amsa, to ɗagewa ya kamata ya nema, domin duk abin da ya faɗa a zaman ana naɗa, kuma ana iya amfani da shi a kansa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jiran rahoton likita. Fursuna na son ya ga matakin da aka ba shi kafin ya yanke shawara, wanda hankali ne. Amma in rahoton ya makara, kwana 45 sun wuce yana jira. Lauya mai lura yakan rubuta wa hukumar tun kafin wa'adin ya cika cewa rahoton bai iso ba, don ya zama akwai shaida a rubuce cewa jinkirin ba daga gare su ba ne. Kuskure na biyu shi ne janyewa don tsoro kawai. Shekarar da aka janye ba a yi komai a cikinta ba, kwamishinoni za su tambaya me aka yi da ita.

Tsaurin kwana 45 yana da tarihi. A tsakiyar shekarun 2000 zaman da ya wuce lokacinsa ya taru har dubbai, fursunoni suka kai ƙara a gundumar Marin, a shari'ar da aka sani da sunan Rutherford, kotu ta tilasta wa hukumar ta rage cunkoson. Duk zaman da aka soke da safiyar ranarsa gurbi ne da ya tafi a banza, wanda wani da ya shirya zai iya shiga. Da sanarwar kwana 90 ga iyalai kuma, cike gurbin da gaggawa ba ya yiwuwa.

Bayan matsin shari'ar Gilman da ta Vicks, hukumar ta fara amfani da ikonta na matso da zama ba tare da an roƙe ta ba. Wanda aka hana na shekara 3, kuma likita ya sa shi a matakin ƙasa ko tsakiya, ana duba fayil ɗinsa bayan kusan shekara guda. In babu sabon laifi kuma ya yi abin da aka umarce shi, ana iya kiransa wajen wata 18 bayan zaman baya. Wannan ya mayar da wani ɓangare na abin da dokar 2008 ta ɗauke, amma ga rukuni ɗaya kawai, kuma bisa ganin damar hukumar. Wanda aka ba 5 zuwa sama, takardarsa ce babbar hanyarsa.

Daga baya jihar ta buɗe wasu hanyoyin kai wa ga zaman farko da wuri: ga waɗanda suka yi laifi suna ƙasa da shekara 26, da kuma dattawan da suka kai 50 kuma suka shafe shekara 20 a tsare. Waɗannan sun matso da ranar farko ne kawai. In aka hana mutum a wannan zaman, tsanin 15, 10, 7, 5, 3 ne dai ke jiransa, kuma daga sama ake fara ƙirga masa, ko yana da shekara 40 ko 70.